Hutun mai ƙaramin ƙarfi: tuddan Dakwaro da dajin Gadabeji

Kowace shekara, idan watan Fabrairu ya kama, makarantun ƙasar Faransa kan ba yara hutun sati biyu, sai hanyoyin da sunka nufi duwatsun Alp da na Pirene su cika maƙil da motoci. Abin da ke kai mutanen nan can shi ne dusar ƙanƙara, wadda ke lulluɓe duwatsu fari fat tun daga Disamba har cikin Maris. Akan hau bisa dutse cikin wasu kujeru da ke rataye ga waya, inji na jan su, daga can kuma a zamo ƙasa. Wasu kan zamo bisa sanduna biyu masu faɗi da ake kira siki, wasu kuwa, galibi samari da ƴan mata, bisa allo guda wanda ake ɗaure ƙafafu biyu gare shi, mutum ya tsaya a karkace yana juya shi da diddige da yatsu. Wannan allon zamiya bai daɗe da fitowa ba. A 1965 wani Ba'amurke mai suna Sherman Poppen ya haɗa siki biyu wuri ɗaya don ɗiyansa mata su yi wasa bayan gida, a jihar Mishigan. Shekara 33 bayan haka, a birnin Nagano na ƙasar Japan, anka shigar da wasan cikin gasar Olimpik ta lokacin sanyi.

Wasa ne mai cin kuɗi ƙwarai. A manyan wuraren da attajiran duniya ke taruwa cikin duwatsun Alp, tikitin hawan kujera na yini guda ya haura Yuro 70 a sanyin 2024, wato kusan jika 46 na sefa, alhali kuwa albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar tun farkon wannan shekarar jika 42 ne a wata. Ba a ma yi batun hayar allo da takalma ba, balle ɗaki da abinci. Saboda haka ma'aikacin gidan waya, da mushen lakwal, da mai ɗan kanti na Faransa, ba can suke zuwa ba. Su kan nufi ƙananan wurare na duwatsun Jura da Boj da tsakiyar ƙasa, inda ƙauye guda ke riƙe da injin hawa biyu ko uku, tikiti kuwa sau da yawa ba ya kai rabin na manyan. Abokai huɗu su haɗa kuɗin mai, su kama ɗaki ɗaya, su dafa abincinsu da kansu, su sayi allo na gwanjo, su sa burodi da cuku cikin aljihu don kalacin rana. Gangaren ba shi da tsawo, kuma da magariba ƙauyen ya yi tsit. Amma babu dogon layi gaban inji, kuma kafin kwana biyu mai hayar takalma ya riƙe sunan kowa. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Sai dai ƙananan wuraren nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Galibinsu ba su da bisa sosai, kuma da ɗumamar duniya dusar kan makara, ko ta zo ta narke cikin ƴan kwanaki. A 2023 hukumar garin da ke riƙe da wurin La Sambuy, kusa da tafkin Anesi, ta rufe shi saboda asarar da yake ja mata kowace shekara, kuma a Fabrairun 2024 kotun da ke binciken kuɗin gwamnatin Faransa ta fito da rahoto mai cewa tsarin gaba ɗaya ya fara gajiya. Waɗanda sunka rage kuwa, mutanen garuruwan da ke kewaye da su ne ke raya su, masu zuwa Asabar da Lahadi da ƴaƴansu, su kashe kaɗan, su sake dawowa baɗi. Attajirin da ya taso daga wata ƙasa bai ma san sunansu ba. Wannan shi ne abin da ya shafi mai karatu na Nijar cikin zancen, don dusar ƙanƙara kam ba ta cikin rabon ƙasar nan.

Dutse mafi tsawo a Nijar yana cikin Bagzam, a Abzin, mita 2,022, kuma a wasu dararen ɗari ruwa kan daskare can bisa. Iyakar abin ke nan. Mai son zamiya bisa ƙanƙara cikin Afirka sai ya je Ukaimeden ta ƙasar Maroko, kudu da Marakesh, ko Afriski ta ƙasar Lesoto. Abin da Nijar ke da shi rairayi ne, kuma an taɓa cin moriyarsa. Tun daga 1979, lokacin da tseren motoci na Paris zuwa Dakar ya fara ratsawa ta Agadas, Turawa sunka riƙa kwararowa don ganin Tenere, har anka samu wani kanti cikin birnin da ke ba su hayar siki su zamo daga bisa tuddan yashi. Direbobi da masu jagora da maƙeran azurfa da masu masauki duk sun ci abinci ta nan. Tawayen farko ya datse harkar har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Ta farfaɗo, tawaye na biyu ya sake kayar da ita a 2007. Satar ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit cikin Satumban 2010 ta ƙarasa abin da ya rage. A yamma ma, ranar 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga sun kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, direba da mai jagora, a dajin Kure inda raƙuman dawa suke. Duk sana'ar da anka kafa bisa jiran jirgin baƙi, labari guda a rediyon Paris ya isa ya rushe ta, kuma an ga haka ba sau ɗaya ba.

To, ina ɗan ƙasa? Doka ta ba ma'aikaci kwana 30 na kwanje kowace shekara. Wanda ya samu ya karɓe su, yakan ƙarar da su wajen gaisuwar mutuwa, da tsaron magina, da duban gona, sauran kuma a fada bakin ƙofar gida, gaban butar shayi. Wasu ma bayan sati guda sai a gan su sun koma biro, wai sun zo gaida abokan aiki. A shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, kuma faɗuwar darajar sefa ta Janairun 1994 ta ninka tsadar kayan waje, babu mai ganin laifin kowa. Amma ɗabi'ar ta zauna har bayan uzurin ya wuce. Alhazan kasuwa kuwa sun fi kowa tafiya: akwai ɗan kasuwar Maraɗi da ya san lungunan Kwatano da Lome da Dubai da Gwanju kamar tafin hannunsa, amma bai taɓa taka Gadabeji ba, wadda ke wajen kilomita 200 daga ƙofar kantinsa. A wurinsa tafiyar da ba ta kawo riba ba, ba ta kuma kawo lada ba, aikin Nasara ne. Ana iya tuna masa cewa kakanninsa fatake sun san sunan kowace rijiya da kowane zango da kowane icce na hanyarsu, kuma ba cikin jirgin sama sunka koye su ba.

Lokacin tafiyar shi ne Disamba da Janairu. An gama girbi, hatsi ya yi sauƙi, sauro ya ragu, hanyoyin daji sun bushe, rana ba ta da ƙuna, dare kuwa sai da bargo. Shi ne kuma lokacin kokowa, wadda ita ce wasan ɗari na ƙasar nan tun kafin a fara gasar takobi a Tawa a 1975. Matafiyin da ya yi sa'a zai tarar da fili a wani gari bisa hanya, ya kalla kyauta ko da ƴan daloli.

Daga Maraɗi zuwa Dakwaro, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Dakoro, wajen kilomita 120 ne, kuma motocin haya na tashi kullum. Hanyar takan rabu da babbar hanyar Yamai kusa da Tibiri, ta miƙe arewa ta Sabon Mashi da Kornaka da Ajekoriya. Mai sha'awar tarihi zai lura da wani abu: yana bin sawun Gobirawa ne, amma da baya-baya. Tibiri, inda sarautar Gobir ta Nijar take yau, an kafa ta ne cikin shekarun 1830, bayan faɗuwar Alkalawa. Birnin Lalle kuwa, wadda ke daf da Dakwaro, ita ce inda labarin baka na Gobir ya ce sarautar ta zauna bayan fitowarta daga Abzin, tun kafin ta gangara kudu. Yau ƙaramin gari ne na manoma, kuma baƙon da ya je yana neman ganuwa irin ta Kano zai koma da takaici. Wanda ya fara da gaida fada, ya zauna ya saurari tsofaffi, shi zai koma da abin faɗi.

Tun daga Kornaka ƙasa ke canza kama. Gawo na raguwa, aduwa da ƙandili da anza na ƙaruwa, rumbuna na ƙanƙancewa, tazarar da ke tsakanin ƙauyuka na daɗa tsawo. Dakwaro kanta ba tsohuwar alƙarya ba ce: a 1947 Faransawa sunka kafa bariki nan don su sa ido kan makiyaya da manoman da ke ta hawowa arewa neman sabuwar ƙasa. Garin ya girma ne kewaye da bariki da kasuwa, shi ya sa ake jin Hausar Gobir da ta Adar da Fulatanci da yaren Abzinawa cikin rumfa ɗaya. Ma'aikata da yawa da anka tura nan sun karɓi takardarsu kamar hukunci, sun yi shekarunsu suna ƙirga kwanaki, ba su taɓa wuce bayan gari ba. Abin ganin garin shi ne karar dabbobi ranar kasuwa: jajayen shanun Bororo masu ƙaho kamar hannuwan mai addu'a, da shanun Azawak masu nono, da tumakin balami da uda, da raƙuma, da dillalai masu ciniki ƙasa-ƙasa don kada na gefe ya ji. Daga nan motoci ke lodin dabbobi zuwa Maraɗi da Jibiya da gaba. Ɗan kasuwar da ya rantse ba ya tafiyar banza, yini guda cikin wannan kara zai nuna masa inda kuɗin ragon layyarsa ke farawa.

Batun masauki ba shi da wuya ga ɗan ƙasa. Akwai ɗakunan baƙi marasa tsada cikin gari, kuma da wuya a samu ma'aikacin da ba shi da abokin karatu ko abokin aiki a lakwal ko likita ko wani sarwis na Dakwaro, kamar yadda da wuya a samu ɗan kasuwar da ba shi da mai gida. Sai dai kada arahar hutu ta zama nauyi bisa wuyan wani. Baƙon kirki yakan zo da shinkafa da mai da sukari da ganyen shayi, ya kuma tuna cewa baƙo raɓa ne.

Arewa kaɗan da gari akwai kwarin Tarka, tsohon gulbi wanda ruwansa ya ƙafe tun zamanin da ba mai tunawa, ya bar faffaɗan kwari mai itatuwa da ƙasa mai nauyi. Ido ba zai ga wata alama ba, amma nan akwai iyaka. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata layin da noman damina bai kamata ya ƙetare ba, arewa da shi ƙasar kiwo ce, kuma a wannan yanki layin yana bin Tarka. Tsarin dokokin karkara na 1993 bai soke shi ba, dokar kiwo ta Mayun 2010 ta sake tabbatar da shi, har ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, matafiyi zai ci gaba da ganin karan gero nesa da kwarin, don jama'a ta ninka, gonakin kudu sun gaji, kuma makiyayan da farin 1973 da na 1984 sunka raba da garkunansu su ma sun ɗauki hauya. Manomin da ya share tudu ya shuka yana da yunwarsa, Bafillacen da ya dawo ya tarar da burtali ya zama gona yana da tasa. Shari'un nan, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun sa hannu bisa takardunsu daga cikin biro. Zai yi kyau su ga wurin da idonsu ko sau ɗaya.

Bayan Tarka sai tuddai, ɗaya bayan ɗaya, kamar an shimfiɗa tabarma bisa tulin hatsi. Nan ne mai tunanin allon zamiya zai so ya gwada sa'arsa, kuma gara a faɗa masa gaskiya tun da wuri. Tuddan Dakwaro da Bermo ba irin na Tenere ba ne. Tsofaffin tuddai ne da ciyawa ta kama ta ɗaure, ba su da tsawo, gangarensu kuma a kwance yake. Inda yashi ya fito tsirara shi ne kusa da ƙauyuka da rijiyoyi, inda kofato ya cinye ciyawa, kuma nan ne yara kan zauna cikin tsagin tsohon bido ko bisa kwali su sulalo ƙasa suna ihu, ba tare da sun san akwai masu biyan Yuro 70 don kusan irin wannan daɗi ba. Yashi ba shi da santsin ƙanƙara. Masu wasan a Namibiya da Peru sai sun goga kakin zuma ko makamancinsa ƙarƙashin allo kafin kowace zamiya. Babu kujerar waya, kowa da ƙafarsa zai sake hawa, kuma bayan hawa na biyar mai tumbi zai ce ya ƙoshi. Sa'an nan ga ƙarangiya. A wannan lokaci na shekara ta bushe, ta zube, tana jiran wando da safa da tafin hannu, kuma wanda ya faɗi cikinta sau ɗaya zai kwana yana cira. Babban mutum na iya aron bido daga hannun yara ya gwada, ba wanda zai kai labari Yamai. Amma tudun da ke da ciyawa a bar shi: ita ce abincin garke har faɗuwar ruwa, ita ce kuma ke hana yashin tashi ya binne gonaki da rijiyoyi.

Abin da ya cancanci wahalar hanya yana gaba, arewa maso gabas, ƙasa da kilomita 100 daga Dakwaro. Dajin Gadabeji an keɓe shi ne a 1955, hekta 76,000, don kare namun dajin Sahel, musamman mariri da barewa da jimina da raƙumin dawa. Da yana cikin ƙasar Dakwaro. Tun 2011, da anka mai da Bermo gunduma, ya koma ƙarƙashinta, ko da yake ta Dakwaro mafi yawan baƙi ke shiga. Takardar 1955 ba ta hana komi ba. Fari da bindiga da mota sun haɗu, mariri ya ɓace, jimina ta ɓace, raƙumin dawa ma tun shekarun 1970 ba a sake ganinsa nan ba. Abin da ya tsira shi ne barewa, da jan biri, da dila, da tuje, da manyan ungulaye masu sheƙa bisa itatuwa, da kuma itatuwan kansu, danya da aduwa da jiga da ƙandili, waɗanda yawansu cikin kwaruruwan dajin kan ba wanda ya ratso ƙasar da ke kewaye mamaki. A 2017 hukumar UNESCO ta sa Gadabeji cikin jerin wuraren da ake son mutum da dabba da daji su rayu tare, bisa faɗin da ya haura hekta miliyan ɗaya in an haɗa da ƙasar kiwon da ke zagaye da shi.

Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda zanensa ya fi na sauran haske, a da yana yawo daga Senegal har tafkin Cadi. A 1996 guda 49 kaɗai sunka rage a duniya, dukansu a yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai. Da tsaro da haƙurin manoman wurin, waɗanda dabbar ke ci wa wake, adadin ya haura 600 cikin shekara ashirin da ƴan kai. Amma garke guda a wuri guda, tsakanin gonaki da babbar hanyar mota, annoba ɗaya ta isa ta share shi. Don haka a Nuwamban 2018 ma'aikatar muhalli, da taimakon ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, ta kama guda takwas, anka tsare su cikin shinge har sunka natsu, sa'an nan anka ɗora su bisa manyan motoci, tafiyar wajen kilomita 800, kusan kwana biyu, kawunansu na leƙowa ta bisa, mutanen garuruwan hanya na fitowa kallo. A 2022 anka ƙaro huɗu, kuma waɗanda sunka riga zuwa sun haihu a Gadabeji. Tsofaffin makiyayan da sunka san dabbar suna yara sun sake ganinta da furfura, jikokinsu kuwa da sai a labari suke jin ta.

Ganinsu ba tabbas ba ne, kada a yi wa kowa alkawari. Ƴan kaɗan ne cikin daji mai faɗi, kuma ba su san inda iyakar takarda ta tsaya ba. Ana fita da asuba, cikin ɗarin da ke sa haƙora kaɗawa, tare da jami'in gandun daji ko ɗan yankin da ke bin sawunsu. Akan yi awa biyu ko uku ba a ga komi ba sai sawu da kashi da rassan ƙandili da anka ci daga bisa. In Allah ya sa an dace, sai a ga abin da ake tsammani busasshen icce ne ya motsa, ya juyo da kai, ya tsaya yana kallon masu kallonsa, ba tsoro ba gaggawa. In ya tashi tafiya, ƙafafun gefe ɗaya ke ɗagawa tare, kamar raƙumin gida. Ma'aikacin da ya shekara ashirin yana lasar tambarin wasiƙa mai hoton wannan dabba zai gane bai taɓa sanin girmanta ba.

Ko ba a gan su ba, rijiya kaɗai ta isa kallo. A wannan ƙasa ruwa na da nisa, gaba da yawa, kuma ba hannu ke jan guga ba: jaki ko sa ko raƙumi ake ɗaura wa igiya, yaro ya kora shi har iyakar tsawonta, na bakin rijiya ya yi kira, ya juye wasaki cikin kwami, dabbar ta juyo. Tsawon hanyar da kofato ya tona daga bakin rijiya shi ne zurfinta, ba sai an tambaya ba. Kowane garke da lokacinsa, mai rijiya ke fara sha, baƙo ya nemi izini, kuma ba a cika hana shi ba. Yankin Bermo cibiya ce ta Wodaɓe, waɗanda hotunan rawarsu ta gerewol sunka cika littattafan Turai, amma bikin na ƙarshen damina ne. Mai zuwa da ɗari zai tarar da su cikin aiki, kuma ya fi kyau haka. Ladabin wurin kaɗan ne. A yi sallama daga nesa, kada a kutsa da mota tsakiyar garke, kada a ɗauki hoton mace ko yaro sai an tambaya, kada a tambayi mutum yawan shanunsa. Abin da ya fi duka nauyi shi ne wuta. Bayan damina mai kyau ciyawa kan bushe ta zama kamar auduga, kuma guntun taba ko garwashin shayi da anka bari na iya cinye kiwon dubban dabbobi cikin yini guda in iskar hunturu ta taso. Dogayen hanyoyin da matafiyi zai gani an share cikin ciyawa don tare gobara anka yi su, da gumin mutanen wurin.

Kafin a bar Dakwaro wajibi ne a je wurin jami'an gandun daji don izinin shiga da sanin abin da ake biya, a kuma tambayi hukuma halin da hanya ke ciki, don zamani ya canza kuma labarin bara ba ya aiki bana. Da rana ake tafiya, ba da dare ba. Babban kashin kuɗi shi ne mota, tunda bayan Dakwaro yashi ne, sai katkat da direban da ya san ƙasa. Dabarar abokan nan huɗu na Faransa ita ce dabara a nan ma: mutum biyar ko shida su haɗa haya da mai, su ɗauki ruwan sha da buhun shinkafa da tukunya da tabarmi da barguna. Wanda aljihunsa bai kai nan ba yana iya bin motocin kasuwa da ke zuwa ƙauyukan arewa, ya zauna bisa buhuna tare da awaki, in yana da haƙuri da ƙashin baya mai ƙarfi. Kwana huɗu daga Maraɗi zuwa Maraɗi sun isa.

Akwai masu ganin cewa wuri irin wannan sai an gina masa babban otal da siminti, da injin wuta, da wurin wanka, kafin a kira shi wurin yawon buɗe ido. Ƙananan garuruwan Faransa da sunka ci bashi sunka kafa injuna, yau ga ƙarafan na tsatsa bisa duwatsun da ba dusa, sun isa gargaɗi. Gadabeji ba ta da ruwan da za ta ba otal, kuma baƙin da za su cika shi ba su kan hanya. Abin da take iya ɗauka shi ne ƙananan ayari na ƴan ƙasa, masu kwana bisa tabarma, waɗanda kuɗinsu ke faɗawa kai tsaye hannun direba da mai jagora da mahauci da matar da ke sayar da nono. Makiyayin da raƙumin dawa ya jawo masa mai sayen ɗan akuya, ba zai rufa wa maharbi asiri ba. Akwai kuma wata riba da ba a ƙirgawa: jami'in da zai sa hannu gobe bisa takardar ba da fili ko ta haƙa rijiya arewa da Tarka, da ɗan kasuwar da motarsa ke ɗaukar itacen wuta da ciyawa zuwa birni, in sun taɓa kwana a wurin, sun san abin da ake magana a kai. Malaman lakwal na Maraɗi da Dakwaro ma suna da hutun ƙarshen Disamba, kuma ajin da ya haɗa kuɗin mota guda zai koyi abin da taswirar bango ba ta nunawa.

Tsarabar hanyar ba ta da tsada: cuku busasshe na Abzinawa, wanda ake ci da shayi ko a daka cikin fura, da man shanu cikin kwalba, da ƴaƴan aduwa don yara. A duba kaya da kyau kafin a shiga gida, don ƙarangiya takan biyo bargo har Yamai.